Yahudawan Da Muka Ƙago Da Waɗanda Muka Manta

Maganar da muka kawo a wannan fitowa ba kowa za ta yi wa daɗi ba, mun kuwa san haka tun kafin mu ɗauki biro. Amma abin ya faru a gaban idonmu, muna zaune a kujerun gaba, ba mu ce uffan ba. Shirun da muka yi ran nan shi ne muke so mu biya yau.

A taron farkawa da aka yi a yankinmu bayan girbin bara, wani baƙon mai wa'azi ya hau bagadi ya shaida wa jama'a cewa mu Isra'ilawa ne na jini, ɓatattun kabilu ne da suka gangaro ƙasar nan. Hujjojinsa uku ne. Ya ce sunayenmu irin su Ɗanladi, Ɗanjuma da Ɗan'asabe suna nuna cewa mu zuriyar Dan ne, ɗan Yakubu. Ya ce sunan Yawuri daga kalmar Yahudi aka samo shi, bakin mutane ne ya lanƙwasa shi. Sa'an nan ya ce tun da kakanninmu suna kaciya tun kafin zuwan 'yan mishan, ai magana ta ƙare. Majami'a ta ɗauki tafi da guɗa. Da aka tashi, sai ga tebur an baje a bakin ƙofa: ƙahon rago, mayafin addu'a mai tauraron Dauda, 'yan kwalaben mai da na ruwa wai daga Kogin Urdun. Mun ga uwa wadda muka san ba ta gama biyan kuɗin makarantar 'ya'yanta ba, ta kwance bakin zane ta sayi ƙaho.

To, bari mu faɗa ba tare da kwana-kwana ba: wannan koyarwa ƙarya ce. Ɗan a Hausa ɗa ne, kowane yaro a kasuwar Jega ya san haka. Ɗanladi yaron da aka haifa ran Lahadi ne, Ɗanjuma na Jumma'a, babu abin da ya haɗa su da Dan ɗan Bilha. In kamannin suna hujja ne, to sai mu ce mutanen Kamba daga Kambodiya suka zo. Kaciya kuwa maƙwabtanmu Musulmi suna yi, al'ummai da yawa a Afirka suna yi, Masarawa na dā sun yi. Mai wa'azin bai kawo takarda ko ɗaya ba, bai nuna kabari ba, bai kawo kalmar Ibrananci ko guda da ta zauna a harshen wata kabila tamu ba. Murya ya kawo, da tebur.

Me ya sa muka yi saurin gaskatawa? Domin kowa a ƙasar nan yana so kakansa ya fito daga gabas. Daura tana da Bayajidda daga Bagadaza. Mutanen Illo da Busa suna da labarin Kisra. Turawan mulkin mallaka suka zo suka ƙara wa abin gishiri, gama a ganinsu baƙin mutum ba zai iya gina birni ko kafa sarauta ba sai in wani farin baƙo ne ya koya masa. A 1912 wani jami'in Faransa, Maurice Delafosse, ya rubuta cewa asalin Fulani daga Yahudawan Sham ne, alhali kuwa masana harshe sun tabbatar Fulfulde ɗan'uwan harsunan Senegal ne irin su Serer da Wolof. Wato ƙarƙashin wannan kirari akwai raini. Duk wanda ya ce mana ba mu da daraja sai an liƙa mana kakan aro, zaginmu yake yi da murmushi. Mu kuma da muka zauna a makarantar tauhidi ba mu da uzuri. Manzo Bulus ya gargaɗi Timoti da Titus a kan tatsuniyoyi da jayayyar asali marar iyaka (1 Timoti 1:4, Titus 3:9), ya kuma koya wa Galatiyawa cewa bangaskiya ce ke mai da mutum ɗan Ibrahim. Mai bi daga Zuru ko daga Maiyama ba ya bukatar jinin Dan kafin a karɓe shi.

Amma ba ƙaryar ce ta fi ba mu haushi ba. Mako guda bayan taron, muka tambayi matasa a ajin nazarin Littafi Mai Tsarki, cikinsu har da ɗaliban jami'ar Aliero: wa ya taɓa jin sunan Tuwat? Wa ya san cewa Yahudawa na gaske, masu majami'a da malamai da maƙabarta, sun zauna a kan hanyoyin fatauci da suka haɗa ƙasar Hausa da arewa? Babu hannu ko ɗaya a sama. Mun ƙago Yahudawan da ba su taɓa kasancewa ba, mun manta da waɗanda suka rayu, suka yi ciniki da kakannin mutanen ƙasar nan, suka sha wuya, suka ɓace. Jega ba ta da majami'ar Yahudawa, Aliero da Maiyama ma haka. Labarin da za mu ba ku labarin hanya ne, hanyar da ayari ke bi daga nan zuwa Gawo da Timbuktu, wadda tsofaffin fatake ke kira Tambutu, da wadda ke tashi daga Kano ta ratsa hamada.

A 1375 wani Bayahude mai zana taswira a tsibirin Mayorka, sunansa Abraham Cresques, ya yi taswirar duniya da har yau tana ajiye a babban ɗakin karatu na Faransa. A cikinta ya zana Mansa Musa, sarkin Mali, zaune a gadon sarauta da dunƙulen zinariya a hannu, ya kuma sa sunayen Timbuktu da Gawo. Shi bai taɓa taka ƙasar baƙar fata ba. Ina ya samo labari? Mayorka tana da Yahudawa 'yan kasuwa masu hulɗa da 'yan'uwansu na Arewacin Afirka, su kuwa suna zaune a garuruwan da ayarin zinariya ke sauka. Shekara 16 bayan wannan taswira, a 1391, taron jama'a masu kiran kansu Kirista suka far wa unguwannin Yahudawa a Sifaniya da Mayorka, suka kashe dubbai, suka tilasta wa wasu baftisma, cikinsu har da ɗan Cresques ɗin. Masu yawa suka tsere zuwa Aljeriya. Ku riƙe wannan a zuciya, za mu dawo kansa.

Tuwat jerin dausayi ne a tsakiyar hamada, a kudancin Aljeriya ta yau, zango ne babba ga ayarin da ke tsakanin Tilimsan da Timbuktu. Babban garin a lokacin shi ne Tamantit. A 1447 wani ɗan kasuwa Ba'italiye daga Jenowa, Antonio Malfante, ya rubuta wasiƙa daga can, ya ce ya tarar da Yahudawa da yawa suna zaune lafiya, kowane gida ƙarƙashin kariyar wani babba na garin, kuma ciniki mai yawa ta hannunsu yake bi. Wato zaman amana suke yi: suna da addininsu, suna da majami'arsu, masu gari suna tsare su.

Wannan zama ya rushe a cikin rayuwar mutum guda. Wani malami daga Tilimsan, Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Magili, ya zauna a Tuwat, ya ce Yahudawan sun karya sharuɗɗan amana, sun kusanci masu mulki fiye da kima, don haka babu sauran kariya a kansu, kuma dole a rushe majami'arsu. A nan akwai abin da ya kamata kowane mai bi ya sani: alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, Musulmi, malami, ya ƙi. Ya ce majami'ar tana da haƙƙin tsayawa. Ɓangarorin biyu suka rubuta wa malaman Fas da Tilimsan da Tunis suna neman fatawa, wasu suka goyi bayan alƙali, wasu suka goyi bayan al-Magili. Daga ƙarshe, wajen 1492, aka rushe majami'ar Tamantit, aka kashe wasu, sauran suka watse ko suka bar addininsu. A wannan shekara ɗin dai, 1492, Sarki Ferdinand da Sarauniya Isabella, masu gicciye a wuya, suka kori dukan Yahudawa daga Sifaniya.

Wannan al-Magili ba baƙo ba ne a tarihin ƙasar Hausa. Shi ne ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya rubuta masa littafi a kan wajiban sarakuna, ya kuma zauna a Katsina. Har yau ana girmama shi a Kano, unguwar Sharifai tana danganta kanta da zuriyarsa, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma ya yi amfani da rubuce-rubucensa. Daga ƙasar Hausa ya wuce Gawo wurin Askiya Muhammadu, wanda ya karɓi mulkin Songai a 1493. Yana can labari ya iske shi cewa an kashe ɗansa a Tuwat, sai ya nemi Askiya ya kama dukan mutanen Tuwat da ke Gawo. Aka kama su. Sai wani malamin, Mahmudu ɗan Umar, wanda ya yi alƙalancin Timbuktu, ya ce waɗannan mutane ba su yi laifin komai ba, ba a kama wani da laifin wani. Aka sake su. Duk da haka ƙofa ta rufu. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya ziyarci Timbuktu a farkon ƙarni na 16, ya rubuta cewa sarkin ba ya barin Bayahude ya zauna a birnin, ɗan kasuwar da aka ji yana hulɗa da su ma ana ƙwace dukiyarsa. Wannan Askiya shi ne wanda Kanta na Kabi ya bi yaƙin Agadas, suka saɓa a kan rabon ganima wajen 1516, Kanta ya ɓalle ya kafa ƙarfinsa a Surame. Kun ga ba labarin wata duniya muke ba ku ba. Sunan jiharmu daga wannan masarauta ya fito.

Yanzu mun san akwai mutum biyu da suka riga suka fara motsi a kujera. Na farko shi ne matashi mai zafin kai, wanda ya ji sunan al-Magili ya ce yauwa, ga sandar da zan kai kasuwa. Ɗanmu, ajiye sandar. Labarin da ya ba ka al-Magili shi ne ya ba ka al-Asnuni da Mahmudu ɗan Umar, malaman Musulunci da suka tsaya wa marasa rinjaye lokacin da tsayawar ke da tsada. Kuma shekarar da ta ga rushewar Tamantit ita ce ta ga korar Sifaniya, wadda masu sunanmu suka yi, kuma ta fi girma nesa ba kusa ba. In kana neman labarin da zai wanke Kirista ya shafa wa Musulmi baƙi, ba wannan ba ne. Wanda ya ɗauki rabin tarihi ya bar rabi, shi da mai sayar da ƙaho uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Na biyu shi ne dattijo mai hankali, wanda ya ja mu gefe ya ce, Fasto, a irin wurin da muke zaune, kuma da abin da ya faru a Gaza tun 2023, ko kalmar Bayahude ba a so a ji a bakinmu, a bar kaza cikin gashinta. Baba, mun ji, kuma ba mu raina tsoron nan ba, mun san inda muke kwana. Amma maganarmu ba ta gwamnatin Isra'ila ba ce, ba ta yaƙin yau ba ce. Mutanen Tamantit sun mutu fiye da shekara 450 kafin a kafa ƙasar Isra'ila a 1948. Sa'an nan a duba da kyau: wanne ya fi jawo mana fitina, mu san tarihin gaskiya mu faɗe shi da adalci, ko kuwa mu riƙa busa ƙaho da lasifika muna shelar cewa mu Isra'ilawa ne a tsakiyar gari? Shirun da muka yi bai hana maganar Yahudawa shiga majami'unmu ba. Ya dai bar ta a hannun 'yan kasuwa.

Labarin bai ƙare a ƙarni na 16 ba. Littafin tarihin Songai da ake kira Tarikh al-Fattash ya ambaci wasu Bani Isra'ila da suka taɓa zama a Tindirma, a bakin Kwara kudu da Timbuktu, masu haƙa rijiyoyi da noman lambu. A nan ma sai da lura, gama masana sun nuna cewa an yi wa littafin ƙari a ƙarni na 19, zamanin daular Masina, don haka ba kowane layi ake haɗiyewa ba tare da tauna ba. Haka aikin tarihi yake, ana auna shaida, ba tafi ake yi mata ba. Abin da ba shi da shakka shi ne na wajen 1860, lokacin da wani malamin Yahudawa daga Akka a kudancin Maroko, Mordekai Abi Serur, ya iso Timbuktu da ɗan'uwansa. Bayan gardama aka bar shi ya zauna bisa sharaɗin biyan haraji. Ya kawo danginsa har suka cika maza goma da dokarsu ke bukata kafin a yi addu'ar jam'i. 'Yan fashin hamada suka yi ta washe ayarinsa har ya karye, ya koma Maroko. Shi ne daga baya ya yi wa Charles de Foucauld jagora a Maroko a 1883 zuwa 1884, ya rasu a Aljiyas a 1886. Ikkilisiyar da ta taɓa ƙirga kawuna ran Lahadi ta ga ko an kai goma, ta san irin zaman da mutanen nan suka yi.

Ko a nan gida akwai sawunsu. Gashin jimina da fatu da ayari ke kwasa daga Kano zuwa Tarabulus a ƙarni na 19, gidajen ciniki na Yahudawan Tarabulus suna cikin masu zuba jari da masu tura su Turai. Zamanin dalar gyaɗa kuma, ɗaya daga cikin manyan masu sayen gyaɗa a Kano shi ne Saul Raccah, Bayahude daga Tarabulus, wanda ya yi gogayya da manyan kamfanonin Turawa. Tambayi ɗalibin sakandare a Kano yau ko ya taɓa jin sunan.

To, ta yaya muka san duk waɗannan? Ga inda muke so dattawa su buɗe kunne. Majami'ar Tamantit ta rushe, zuriyar ta watse, amma takarda ta tsira. Wasiƙar Malfante ta tsira. Fatawoyin malamai sun tsira domin wani malamin Fas, al-Wansharisi, ya tattara su a babban kundinsa. John Hunwick, wanda ya koyar a Jami'ar Ibadan, ya bi waɗannan takardu ya fitar da littafi a kan Yahudawan Tuwat a 2006. A Timbuktu, wani masanin tarihi, Ismael Diadié Haidara, ya kafa ƙungiya a 1993 mai suna Zakhor, kalmar Ibrananci mai ma'anar ka tuna, domin iyalan da ke danganta asalinsu da Yahudawa. Su Musulmi ne yau, ba su ce za su bar addininsu ba, sun dai ƙi a shafe sunan kakanninsu. A 1999 ya buga takardun ciniki na ƙarni na 19 da suka ambaci Yahudawan Timbuktu, takardun bashi da na saye da sayarwa, irin waɗanda mu muke kunna murhu da su. Su wa suka adana su shekara ɗari da ɗoriya? Gidajen Musulmi, a cikin akwatuna.

Kada mu yi nisa ma. A 1853 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka a Gwandu zamanin Sarki Halilu a kan hanyarsa ta zuwa Timbuktu. A nan Gwandu, bayan gidanmu, aka ba shi aron Tarikh al-Sudan, ya zauna kwanaki yana kwafa, ta haka Turai ta fara sanin tarihin Songai dalla-dalla. Malaman Gwandu sun riƙe littafin wata ƙasa da wata al'umma, ba su ce ina ruwanmu ba. A Masar kuwa, Yahudawan tsohuwar Alƙahira suna da ɗaki a majami'arsu ta Ben Ezra inda suke zuba duk takardar da ta tsufa, domin ba sa jefar da rubutun da wataƙila sunan Allah ke ciki. Da Solomon Schechter ya kwashe su zuwa Kambrij a 1897, gutsattsari kusan 200,000 ne: wasiƙu, takardun aure, lissafin kanti, har da rubutun yara masu koyon baƙaƙe. Yau Yahudawan da suka rage a Masar ba su cika aji ɗaya na firamare ba, amma an san rayuwar kakanninsu ta shekara dubu.

Takarda kuwa tana da maƙiya. A 2012 masu ɗauke da makamai suka mamaye Timbuktu suka rushe hubbaren waliyyai, a Janairun 2013 kuma, da za su fice, suka ƙone rubuce-rubucen hannu kusan 4,000 a Cibiyar Ahmad Baba. Abin da ya ceci sauran shi ne Abdel Kader Haidara da abokan aikinsa sun riga sun yi ta fitar da dubban ɗaruruwa a akwatunan ƙarfe, ta mota da kwalekwale, zuwa Bamako. A 2016 kotun duniya ta Hague ta ɗaure Ahmad al-Faqi al-Mahdi shekara 9 saboda rushe hubbaren. Mu da ke Jihar Kebbi, da muka ga garuruwa sun tashi a dare ɗaya saboda 'yan bindiga a ƙasar Zuru, ba ma bukatar a fassara mana wannan. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ga namu gemun. A zagayen da muka yi na ikkilisiyoyi, mun roƙi a kawo mana rajistar baftisma ta farko. A wuri ɗaya aka kawo littafi da gara ta cinye rabinsa. A wani wurin aka ce tsohon sakatare ya tafi da shi da aka yi masa canjin wurin aiki, ya kuwa rasu. A wani wurin dattawa uku suka ba mu shekara uku dabam-dabam ta kafa majami'ar, kowa yana rantsuwa. Mai bishara na farko da ya zo da keke, wanda aka hana shi ɗakin haya, wanda ya fara sujada ƙarƙashin bishiya da mutum huɗu, ana tuna sunansa na fari amma ba wanda ya san garinsu, kabarinsa kuma ciyawa ta rufe. Fiye da haka, akwai majami'un da takardar filinsu babu wanda ya san inda take. Mai unguwar da ya ba da filin ya rasu, shaidu sun rasu. Ran da jikansa zai zo da mai awo, ƙaho za mu busa masa?

Su kansu Yahudawan da muke sha'awa, Littafi Mai Tsarki ya nuna mana yadda suka ɗauki wannan al'amari. Da aka komo daga bauta a Babila, wasu iyalai suka ce su firistoci ne, aka nemi sunansu a rubuce ba a samu ba, aka hana su aikin (Ezra 2:61-63). Ba a karɓi kamannin suna ba. Da maƙiya suka so tsai da ginin Haikali, abin da ya ceci aikin shi ne Sarki Dariyus ya sa aka bincika ma'ajiyar takardu, aka sami umarnin Sairus a Akmeta (Ezra 6). Annabawa suna wa'azi, i, amma takardar izini ce ta rufe bakin hakimai. Masu cewa mu baƙi ne a duniya, sama za mu, me za mu yi da tsofaffin takardu, sai su gaya mana dalilin da ya sa Luka ya zauna ya bi diddigin kome daga bakin shaidu kafin ya rubuta wa Tiyofalas.

Saboda haka ga abin da muke kawowa gaban dattawa, kuma za mu nemi a sa shi a ajandar taro mai zuwa. Da fari, kada a ƙara ba kowa bagadi ya koyar da asalin jini daga Isra'ila, kada kuma a baje teburin ƙaho da mai a harabar majami'a. Wanda ya je ziyara Urushalima ya dawo da JP a bayan sunansa, Allah ya sa albarka, amma ziyara ba ta sauya kakan mutum. Na biyu, labarin Tuwat da Timbuktu yawancinsa da Faransanci da Turanci da Larabci yake. Muna da malaman tarihi a cikinmu, a makarantun sakandare da manyan makarantu. Muna roƙonsu su rubuta shi da Hausa, shafi ashirin ma ya isa, da sunan al-Magili da na al-Asnuni a shafi ɗaya, da 1492 ta Tamantit da 1492 ta Sifaniya a shafi ɗaya, a yi amfani da shi a ajin matasa. In an rubuta shi da gaskiya, ba za mu ji kunyar miƙa wa maƙwabcinmu malami kwafi ya karanta ba. Jega ta yi zamani tana cikin manyan kasuwannin ƙasar Hausa, ayarin goro na Gwanja yana sauka a nan. Gidajen tsofaffin fatake da malamai suna da takardu. A je da ladabi a gaishe su, a tambaya. Ko ba a sami sunan Bayahude ko ɗaya ba, za a koyi yadda ake riƙe takarda.

Na uku shi ne namu. Kowace ikkilisiya ta fitar da rajistar baftisma, ta aure da ta jana'iza, da littafin minitin dattawa, da takardar fili, da tsofaffin hotuna. Matasa masu waya su ɗauki hoton kowane shafi, a ajiye kwafi a wuri uku, ɗaya a wajen garin. A sayi akwatin ƙarfe mai kwaɗo, a ɗora shi a kan benci, kada a ajiye a ƙasa inda gara da ruwa za su same shi. Kuɗinsa bai kai na ƙaho biyu ba. A zauna da tsofaffi, musamman iyayenmu mata na Zumunta, gama su ne suka san wanda ya fara zuwa da wanda ya ba da masauki, a naɗi muryarsu da Hausa da C'lela da duk harshen da suka fi sakewa da shi. In maƙwabci Musulmi ne ya ba da fili, ko ya ɓoye masu bi a gidansa ranar tashin hankali, a rubuta sunansa da na mahaifinsa, kamar yadda aka rubuta na al-Asnuni. A sa wa kaburbura alama da suna da shekara, ko da siminti da ƙusa ne.

Akwai wata tsohuwa a ɗaya daga cikin ikkilisiyoyinmu na wajen Maiyama, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda aka yi wa baftisma a rukunin farko. Mun yi alkawari za mu je mu ɗauki labarinta tun kafin Kirsimeti, hidima ta hana, Ista ma ta wuce. Mun sa ranar Asabar ta farko ta watan gobe, da ƙarfe tara na safe. Sakataren matasa zai zo da waya mai caji, muna kuma bukatar mutum ɗaya mai jin C'lela sosai, domin in labari ya yi zurfi takan bar Hausa.